Taron Malaman Gona: Abin Koyi Ga Shugabannin Ofisoshi

A ofisoshinmu da yawa, in aka ce maigida ya kira taro, ma'aikata su kan ɗauka yinin nan ya tafi ke nan. A sa ƙarfe goma, a fara bayan azahar, a yi ta jayayya a kan alawus, a watse babu wanda ya san abin da aka ɗora masa. Ofishin da aikinsa takardu ne kurum ya kan jure wa wannan. Aikin gona kuwa ba ya jurewa, domin ruwan shuka ba ya jiran kowa.

A shekarar 1975 aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtua da rancen Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya haɗa gundumomin Funtua, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari, watau ƙasar auduga da dawa da masara. Da aka faɗaɗa irin waɗannan shirye-shirye suka game jihohi a shekarun 1980, sai babbar tambaya ta taso: ta yaya binciken da ake yi a Samaru, Zariya, zai isa ga manomin ƙauye a kan kari? Amsar da aka ɗauka ita ce tsarin horo da ziyara na Daniel Benor, wanda aka gwada a Turkiyya da Indiya, Bankin Duniya kuma ya buga bayaninsa a 1977.

Ginshiƙin tsarin nan taro ne. Kowane mako biyu malaman gona na yanki ɗaya su kan haɗu a rana tsayayya, wadda ba a ɗaga ta don maigida ya yi baƙi. Ba a kuma tattauna kome da kome. Ƙwararru su kan kawo 'yan batutuwa kaɗan da suka shafi aikin mako biyu masu zuwa: in lokacin shuka ne, tazarar rami da yawan iri, in auduga ta fara fure, maganar feshi. Sau da yawa a gona ake gwadawa, kowa ya kama da hannunsa. Daga nan kowane malami ya fita da jadawalin rukunonin manoman da zai ziyarta, kowane rukuni da ranarsa, har manomi ya san ranar da zai ga malaminsa. Sau ɗaya a wata kuma ƙwararrun su zauna da masu bincike a kan matsalolin da aka kawo daga ƙauyuka.

Abin lura a nan shi ne taro na gaba ya kan waiwayi na baya. Wanda aka aika ya san za a tambaye shi a gaban 'yan'uwansa, don haka ba ya bari aiki ya kwana. Shugaban da ke son taronsa ya yi amfani, ko a ma'aikatar ilmi ya ke ko a asibiti, ya iya ɗaukar wannan ba tare da kashe ko kwabo ba: ya tsai da rana, ya taƙaita batu, ya kama sunan wanda zai yi kowane aiki da ranar da zai kawo bayani, magatakarda ya rubuta.

Sai dai tsarin bai rasa aibu ba. An zarge shi da cewa magana daga sama ta ke gangarowa, ba ta cika hawa daga ƙasa ba. Wannan kuwa ciwo ne da muka sani. A al'adarmu ƙarami ba ya musa wa babba a bainar jama'a. In shugaba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, abin da zai ji shi ne "Haka ne, ranka ya daɗe", ko da malamin da ya zo daga Faskari ya san taki bai iso ba, kuma shawarar ba za ta yiwu ba. Ina ganin maganin wannan yana hannun shugaba: ya fara jin ta bakin ƙananan ma'aikata, waɗanda suka taka ƙasa, shi kuma ya yi magana daga ƙarshe.

Tsada ce ta karya tsarin. Malamai masu yawa, babura, mai da alawus duk kuɗi ne, kuma da rancen ya ƙare sai gwamnatoci suka kasa ɗaukar nauyin. Wajen ƙarshen shekarun 1990 Bankin Duniya da kansa ya janye goyon bayansa ga tsarin.