Tsohon Ciki: Watanni Ukun Ƙarshe da Shirin Haihuwa

Bahaushe kan ce ciki wata tara ne, amma a ɗakin awo da mako ake lissafi. Ana ƙirga makonni 40, wato kwana 280, daga ranar farko ta jinin al'adar ƙarshe. Daga mako na 28 ciki ya shiga zangonsa na uku, abin da muke kira tsohon ciki. A lokacin nauyin ɗan tayi kimanin kilo 1 ne, amma kafin haihuwa yakan kai kilo 3 ko fiye. Huhunsa na cikin gaɓoɓin da ke ƙarasa ƙosawa daga baya, shi ya sa bakwaini ke wahalar numfashi.

Uwa ce ke ɗaukar ɗawainiyar wannan girma. Mahaifa kan tokare huhu daga ƙasa, numfashi ya gajarta; ta matse tumbi, ƙwannafi ya taso; ta danne mafitsara, fitsari ya yawaita. Jinin jiki kan ƙaru da kusan rabi, sai dai ruwansa ya fi ƙwayoyinsa ƙaruwa. Wannan ne dalilin ba da ƙwayoyin ƙarin jini, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, domin shi ma fasa ƙwayoyin jini yake yi. Ciwon baya, da ɗan kumburin ƙafa da yamma, da ƙullewar ciki da ke zuwa ta wuce, duk al'adar tsohon ciki ce.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su: zubar jini komai ƙanƙantarsa, fashewar faya kafin naƙuda, zazzaɓi mai zafi, da raguwar motsin yaro. Wanda aka fi rainawa shi ne kumburin fuska da hannuwa, tare da ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi. Wannan alamar hawan jinin masu ciki ce. Ma'aikaciyar jinya na gane shi idan awon jini ya kai 140 bisa 90, aka kuma sami furotin a fitsari. In aka bar shi, yakan kai ga jijjiga, wadda da yawa ke ɗora wa iskoki har a tsaya hayaƙi da tofi lokaci na tafiya. Ya fi kama masu cikin fari. Yana kuwa da magani mai araha: a shekarar 2008 aka fara amfani da allurar magnesium sulphate a manyan asibitoci 10 na Jihar Kano, kuma mace-macen masu wannan ciwo a cikinsu ya sauko daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa kimanin kashi 2.

Saboda irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2016, ta mayar da zuwa awo sau 8 maimakon 4. Biyar daga ciki a zangon ƙarshe suke: mako na 30, 34, 36, 38 da 40.

A ƙasar Gaya da Ajingi, kamar sauran ƙasar Hausa, lokacin nan ne ake kai mai cikin fari goyon ciki gidan iyayenta. Al'ada ce mai kyau, amma sau da yawa da ita awo ke yankewa, domin an bar katin a gidan miji. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda kan sa yarinya ta ɓoye naƙuda har ta kwana ta yini. Naƙudar da ta wuce sa'a 12 ba juriya take bukata ba. Kan yaro da ya daɗe yana danne mafitsara kan kashe naman wurin, abin da ke haifar da yoyon fitsari.

A shekarar 1994 wasu masana biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana cewa jinkiri uku ne ke kashe masu haihuwa: na yanke shawarar tafiya, na isa asibiti, da na samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a hannun iyali suke. Daga ƙauyukan Ajingi zuwa Babban Asibitin Gaya tafiya ce, balle da damina. In kuma aka tura mutum Asibitin Murtala a Kano ta hanyar Wudil, ga fiye da kilomita 50 a gaba. Zubar jini bayan haihuwa kuwa na iya hallaka mace cikin sa'a 2. Don haka maigida ya ba da izinin tafiya tun yanzu, ko da yana ci-rani ranar. A ware kuɗi, a riƙe lambar direba, a san 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini. Ɗalibi ko ɗalibar sakandare na da aiki a nan, domin a gidaje da yawa su ne masu karanta katin awo.

Sai dai su sani, ranar da aka rubuta a katin kintace ce. Kimanin jariri 1 cikin 20 ne ke zuwa a ranar; yawancinsu tsakanin mako na 37 da na 42 suke isowa. Ya kamata zannuwa, sabulu, kayan jariri da katin kansa su kasance cikin jaka ɗaya tun mako na 36.