Ƙungiya Daban, Ƙasa Daban

Duk lokacin Gasar Cin Kofin Nahiyar Afirka, 'yan ƙananan azuzuwa kan tambaye mu: me ya sa ɗan wasa yake barin ƙungiyarsa ta Turai ana tsaka da kakar wasa?

Dalili shi ne, ƙungiya sayen ɗan wasa take yi, ƙasa kuwa sai ɗanta. Idan ta gayyace shi wannan gasa, dokar FIFA ta wajabta wa ƙungiyar ta sake shi. Ba dole sai haifaffen ƙasar ba: a Landan aka haifi Ademola Lookman, amma yana buga wa Najeriya, ƙasar iyayensa.

An fara gasar a Sudan a 1957 da ƙasashe uku, yanzu 24 ke fafatawa. Masar ta ɗauki kofin sau bakwai, Najeriya sau uku: 1980, 1994 da 2013.

Mu ma Kanawa muna da kaso. A 2000 an buga wasu wasannin a filin wasa na Sani Abacha, kuma Ahmed Musa, da ke cikin tawagar 2013, a Kano Pillars ya yi suna. Saboda haka 'yan ƙwallonmu na Bici, kada ku raina wasan gida.