A Riƙa Duba Fitsarin Masu Cutar Lufus Kafin Ƙoda Ta Lalace

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin jama'a da hukuma kan wata cuta da ke cin matanmu a ɓoye, wadda likitoci ke kira lufus.

Ita dai wannan cuta, garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta afka wa jikinsa. Cikin mutum 10 masu ita, kusan 9 mata ne, galibi masu shekarun haihuwa, kuma ta fi tsanani ga baƙar fata. Takan zo da ciwon gaɓɓai da zazzaɓi da zubewar gashi da ƙuraje a kumatu. Mu a nan karkara sai a ce jifa ne, ko sanyi, a yi ta jiƙe-jiƙe.

Babban haɗarinta shi ne ƙoda, don kusan rabin masu ita takan taɓa masu ƙoda, kuma ba ta sallama. Kafin ƙafa da fuska su kumbura, fitsari ya riga ya tona asiri: furotin da ɗigon jini sun fara zurarewa a cikinsa, wani lokaci har ya riƙa kumfa. Akwai ɗan tsinken gwaji da ake tsomawa a fitsari, cikin minti biyu ya canza launi. Idan furotin ɗin da ke fita ya kai miligiram 500 a yini, likita kan nemi a tsakuro tsokar ƙoda da allura a duba.

To, a nan gizo ke saƙar. Furotin ba ya bambance ciwon da ke ci yanzu da tabon da tsohon ciwo ya bari. Shi ya sa masana a Turai da Amurka ke bin sawun wasu alamomi a fitsari, irin su CD163 da MCP-1, waɗanda ke ƙaruwa idan kumburin ƙoda ya motsa, su ragu idan magani ya kama. Har yanzu ana kan tantance su, ba su maye gurbin allurar ba. Amma ranar da suka kankama, mu na nesa za mu fi kowa cin moriya.

Dalili kuwa, daga Tsohon Birnin Gwari zuwa asibitin koyarwa na Shika, ko ta Funtuwa aka bi ko ta Kaduna, tafiya ce mai cin kuɗi, ga shekarun da 'yan bindiga suka hana bin hanya kafin sulhun 2024. Wace mai goyo ce za ta jure wannan zirga-zirga duk wata?

Saboda haka ina kira ga Gwamnatin Jihar Kaduna da ƙaramar hukumarmu su wadata ƙananan asibitocinmu da tsinken gwajin fitsari da na'urar awon jini, a kuma koya wa ma'aikata lokacin da za su tura majiyyaciya gaba. Kuɗin wankin ƙoda na mako guda zai sayi tsinken da zai ishi ƙauye.

Ku kuma 'yan'uwa magidanta, don Allah ku kai iyalinku gwaji ko da sun ji sauƙi, kada su bar magani sai da izinin likita, su kuma guji maganin ciwon jiki na 'yan tebur, don yana ƙara wa ƙoda wahala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.

Naku,
Wani mai kishin garinsu,
Tsohon Birnin Gwari, Jihar Kaduna.