SAYEN TSOHUWAR KATAFILA DA GYARANTA: BAYANI GA 'YAN KWANGILA DA ƘUNGIYOYIN MANOMA NA BORNO

Katafila ba baƙuwa ba ce a ƙasar Borno. Tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi a shekarar 1973, ta kuma ajiye hedkwatarta a Maiduguri, manyan injunan ture ƙasa suka yi ta shigowa domin haƙa magudanan ruwa da share filayen noman rani na Kudancin Chadi, wajen Marte. Da aka zo gina madatsar ruwa ta Alau a kan kogin Ngadda, cikin shekarun 1980, su ne kuma suka yi aikin. Bayan fashewar wannan madatsa a watan Satumba na 2024, da ambaliyar da ta shafe unguwanni masu yawa na Maiduguri, bukatar irin waɗannan injuna ta sake tasowa: ga hanyoyi da za a gyara, ga kwalbatoci da suka cushe, ga gonaki da aka daɗe ba a noma ba har daji ya cinye su.

Sabuwar katafila kuwa ta fi ƙarfin yawancin masu bukatarta. Saboda haka ƙaramin ɗan kwangila, ko ƙungiyar manoma da ta haɗa kuɗi ko ta ci bashin banki, sai su nemi tsohuwa. Wannan ba laifi ba ne. Amma ciniki ne wanda kuskure ɗaya a cikinsa kan cinye jarin mutum duka, ya bar shi da tarin ƙarfe a ƙofar gida, ga kuma bashi yana jira.

Sunan nan "katafila" ya samo asali ne daga kamfanin Caterpillar na Amurka, wanda aka kafa a 1925 bayan haɗewar kamfanonin Holt da Best. Ma'anar kalmar tsutsa ce, domin tafiyar injin a kan sarƙa ta yi kama da jan cikinta. A bakin Bahaushe dai ko ta Komatsu ce ta ƙasar Japan, katafila ce. Daga cikin tsofaffin da su ke yawo a hannun jama'a akwai D6D mai ƙarfin doki 140, da D7G mai ƙarfin doki 200 da nauyin kimanin tan 20, da D8K mai ƙarfin doki 300 wadda ta haura tan 30. Duk ƙirar shekarun 1970 ne, kuma makanikai suna son su domin babu na'ura mai ƙwaƙwalwa a cikinsu. Abin da ya lalace ana ganinsa da ido, a kwance shi da sifana. D6D da D7G suna amfani da injin iri ɗaya, mai lamba 3306, wanda kayan gyaransa ba su da wuyar samu. Mai aikin gona da ƙananan hanyoyi ba shi da bukatar D8. Tana shan gas da yawa, ɗaukarta daga wuri zuwa wuri kuma yana da tsada, don haka girmanta kaɗai kada ya ruɗe shi.

A FARA DA ƘAFA

Yawancin masu saye, da zarar sun isa wurin katafila, sai su ce a tayar da injin su ji ƙararsa. Masana kuwa ƙasa su ke fara dubawa. Dalili shi ne, abin da a ke kashewa wajen gyaran ƙafar katafila, watau sarƙa da rololin da ta ke gudu a kansu da gargaren gaba da na baya mai haƙora, yakan kai kusan rabin dukan kuɗin gyaranta a tsawon rayuwarta. Katafila mai lafiyayyen inji da cinyayyiyar ƙafa ba ta da arha, kome sauƙin kuɗin da aka yi mata.

Sarƙar nan gaɓoɓi ne na ƙarfe da aka haɗa da manyan ƙusoshi, kowace ƙusa tana cikin wani bututu da a ke kira bushin. Haƙoran gargaren baya a kan bushin ɗin nan su ke kamawa su ja sarƙar. Yau da gobe ƙusa da bushin suna cin juna ta ciki, sai sarƙar ta ƙara tsawo, ta daina zama daidai a kan haƙoran, su kuma su fara siɗewa. To, mai saye ya sa hannu ya shafa bushin ɗin ta ƙarƙashi. In ya ji zagayensa ya baje ta gefe ɗaya, ya ci. In ya ji bajewa ta gefe biyu, an riga an taɓa juya shi, ba sauran dabara sai sabo. Ya dubi haƙoran gargaren: na lafiya kansu yana da faɗi, waɗanda suka gaji kuwa sun yi tsini kamar haƙoran zarto. Ya dubi kuma inda gargaren gaba ya tsaya. Da giris a ke tura shi gaba domin a ɗaure sarƙa, in ya kai ƙarshen hanyarsa, to, sarƙar ta gama miƙewa. Akwai masu cire gaɓa ɗaya daga sarƙa don ta yi kamar tana da sauran rai. Ƙidaya gaɓoɓin a gwada da abin da littafin injin ya faɗa shi ke tona wannan asiri. Rola mai zubar da mai, ko wadda ba ta juyawa, ita ma a lissafa ta cikin abin da za a rage daga kuɗin ciniki.

Ƙasar Borno tana da nata hali game da wannan. Yashin da ke kewaye da Maiduguri da arewacinta yana cin ƙarfe kamar magagari. Baƙar ƙasar nan ta firgi kuwa, wadda a ke dasa masakwa a cikinta wajen Dikwa da Marte da Ngala, da rani takan bushe ta tsattsage, da damina ta zama laka mai danƙo da ke cushewa tsakanin haƙora da sarƙa har ta ɗaure ta fiye da kima. Saboda haka a wurin aiki a ke daidaita ɗaurin sarƙa, da lakar a jikinta, ba a garejin da aka wanke ta tas ba. Sarƙar da ta cika ɗauri ta fi sakakkiya saurin lalacewa.

INJI DA GIYA

Mai saye ya nemi a bar masa katafilar ta kwana ba a tayar ba, ya zo da sassafe ya taɓa injin ya tabbata da sanyinsa. Injin da ya gaji yakan yi gardamar tashi da sanyi, amma in an ɗumama shi kafin baƙo ya iso sai ya tashi kamar sabo. Hayaƙi fari ko shuɗi da bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi alama ce ta ciwo. A zare gejin baƙin mai a duba: in man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa yana shiga cikinsa. A buɗe murfin lagireto tun yana da sanyi, in akwai mai a kan ruwan, ko kumfa tana tasowa sa'ad da injin ke aiki, nan ma akwai magana. Hayaƙi mai yawa da ke fitowa ta bututun numfashin injin yana nuna ringi da fistin sun ci.

Daga nan sai a sa ta aiki na gaske, ba zagaye fili kawai ba. Ta tura ƙasa na tsawon sa'a guda ko fiye, da rana tsaka in da hali, domin a watan Afrilu zafin Maiduguri yakan wuce digiri 40, kuma katafilar da ke tafasa a irin wannan yanayi rabin yini kaɗai za ta riƙa yi. A gwada kowace giya, gaba da baya, bayan man ya yi zafi. A juya ta dama da hagu tana ɗauke da ƙasa; in ta ƙi juyawa ta gefe ɗaya, ko sai an danne birki da ƙarfi, kulocin juyawa na wannan gefe ya gaji, gyaransa kuwa sai an buɗe bayanta. A ɗaga garmar gaba a kashe injin a jira: in tana sauka da kanta da sauri, man haidurolik yana zurarewa ta ciki. A ƙarshe a kwance noti na ƙasan akwatin giyar da ke juya gargaren baya, a tari ɗan mai a tafin hannu. Ɗan ƙyalli-ƙyalli ba kome, amma gutsattsarin ƙarfe yana nufin haƙoran ciki sun fara karyewa.

Agogon da ke ƙidaya sa'o'in aiki ba abin dogara ba ne, domin ana sauya shi. Sabon fenti ma haka. Rawaya ba ta tsada, kuma takan rufe tsagewa da tsohuwar walda. Abin da ba ya ƙarya shi ne lambar injin da aka buga a jikinsa. A kwafe ta, a gwada da ta cikin takardu, a tabbata an ga rasit da takardun kwastan, ko takardar gwanjo in daga wata ma'aikata ta fito. Wanda ya sayi kayan gwamnati da aka fitar ta bayan gida zai rasa kayan, ya rasa kuɗin, ya kuma amsa tambaya. Makanikin da za a je da shi ya zama na mai saye ne, shi zai biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba, tun da dillali la'adarsa ya ke nema.

BAYAN AN SAYA

Kada a kashe dukan kuɗi wajen saye. Akwai kuɗin ɗauko ta a kan tirela, wanda ba kaɗan ba ne: daga Kano zuwa Maiduguri kusan kilomita 600 ne, daga Legas kuwa ya haura 1,500. Katafila ba a tuƙa ta a kan kwalta, tana ɓata hanya tana kuma cin ƙafarta a banza. Da isowarta a juye dukan mai, a sauya matatai, a wanke tankin gas da lagireto, sa'an nan a buɗe littafi a riƙa rubuta sa'o'in aiki da kowane gyara. Baƙin mai akan sauya shi bayan sa'a 250. Da hunturu, lokacin da ƙurar hazo ta rufe gari, matacin iska yana bukatar dubawa kowace safiya, domin ƙura kaɗan da ta wuce shi ta isa ta kashe injin da aka kashe dukiya wajen gyarawa.

Game da kayan gyara, a da sashen Tractor & Equipment na kamfanin UAC ne wakilin Caterpillar a Nijeriya, daga baya wakilcin ya koma hannun Mantrac. Akwai kuma 'yan kasuwa a Ƙofar Ruwa ta Kano da Ladipo ta Legas masu sayar da sababbi da na hannu. Na hannu ba laifi ga abin da ke waje, wanda in ya lalace za a gani a sauya. Abin da ke cikin inji ko giya kuwa, wanda sai an yi kwanaki ana kwancewa kafin a kai gare shi, tsimi a kansa hasara ce. Kada kuma a ɗora sabuwar sarƙa a kan tsohon gargare mai tsini, zai cinye ta cikin 'yan watanni.

Akwai haɗura biyu da ya wajaba makanikai da yaransu su sani. Giris ɗin da ke ɗaure sarƙa yana cikin matsi mai tsanani. A sassauta notinsa a hankali, zagaye ɗaya kawai, kada a cire shi, kada kuma mutum ya sa fuskarsa a saitinsa. Na biyu, kada kowa ya shiga ƙarƙashin garma tana ɗage sai an tokare ta da katako mai kauri.

Masu share gonaki a wuraren da rikicin da ya fara a 2009 ya shafa, lalle su nemi izni da tabbacin jami'an tsaro kafin garma ta taɓa ƙasa, domin akwai filayen da aka binne abubuwa masu fashewa. A kuma gargaɗi direba kada ya kankare ƙasar sama ya tara ta a gefe tare da kututture. Albarkar gona a wannan yanki tana cikin ɗan tafin nan na sama, in an ture shi sai yashi. Manyan itatuwa irin su gawo da tsamiya da aduwa a kewaye su a bar su tsaye, su ke tare iska da rani.