Ragin Sallah: Daga Wane Farashi Aka Rage?

Da zarar azumi ya raba tsakiya, kasuwa takan canza murya. A Gummi da Anka da Nasarawar Burkullu za ka ji mai lasifika a bayan mota yana shelar an karya farashin atamfa da takalman yara. A waya kuma masu talla a WhatsApp da Facebook suna ta turo hotunan shadda da leshi, an soke tsohon kuɗi da jan layi, an rubuta sabo a ƙasa. Abin da mai saye bai cika tambaya ba shi ne: kuɗin nan da aka soke, yaushe aka taɓa sayar da kayan a kansa?

Mu ɗauki misali. Turmin atamfa yana naira 12,000 a watan Sha'aban. Azumi na kamawa sai mai kanti ya ce ya koma 18,000, ana saura mako guda Sallah ya ce ya rage zuwa 14,000 saboda zumunci. Maigida ya koma gida yana murna ya tsira da 4,000, alhali 2,000 ya ƙara a kan kuɗin jiya. Wani kuma zai rage kuɗin da gaske, amma ya fanshe a ma'auni: turmin da ya kamata ya cika yadi shida a gutsure masa rabin yadi, ko a bubbuge gindin tiya ta shige ciki. Madarar gwangwani da taliya da ake zubarwa a araha, sau da yawa wa'adinsu ne ya kusa cika.

A yi wa 'yan kasuwa adalci. Wanda ya ɗauko kaya daga Kantin Kwari a Kano, ya biyo ta Gusau zuwa Anka ko Daki Takwas a halin tsaron da ake ciki, ga tsadar mai tun da aka janye tallafi a Mayun 2023, dole kayansa su tashi. Ya faɗi kuɗinsa, mai saye ya taya, in an daidaita a sallama. Inda laifi yake shi ne ƙirƙiro farashin da bai taɓa wanzuwa ba don a ce an rage.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC. Ta hana yaudarar mai saye a kan farashi, ta kuma hana karɓar fiye da kuɗin da aka manna wa kaya. Idan ma farashi biyu aka rubuta, mafi ƙanƙanta za a biya. Wanda kotu ta kama yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5, ko tarar da ta kai naira miliyan 10, ko duka biyun. An ga aikin dokar a Fabrairun 2024, lokacin da hukumar ta rufe babban kantin Sahad na Garki a Abuja na ɗan lokaci, bisa zargin kuɗin da ke jikin kanta daban, wanda ake karɓa wurin biya daban.

Tarayyar Turai ta fi mu ɗaure wannan ƙofa. Tun 2022, duk mai shelar ragi a can sai ya nuna mafi ƙanƙantar farashin da ya sayar da kayan a kwana 30 da suka wuce, daga nan ake lissafin ragin. A ganina wannan ƙa'ida ce da ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu za su iya ɗauka da kansu, ba sai sun jira Abuja ba.

Sai dai jami'in FCCPC ba zai zo Bukkuyum don rabin yadi ba, kuma yawancin cinikinmu da baki ake yi, babu rubutu. Don haka tun kafin azumi ku zaga ku ji kuɗin abin da kuke da niyyar saye, a rumfa biyu ko uku, ku riƙe. Ku sa a auna yadi a gabanku kafin a naɗe, don in tela ya riga ya sa almakashi, magana ta ƙare. Ku juya tiya ku duba gindinta. Mai sayayya ta waya ya adana hoton tallar da shaidar tura kuɗi, kuma kada "saura guda biyu, yau za a rufe" ta sa shi gaggawa.

Wanda aka cuta ya fara da sarkin kasuwa ko shugaban ƙungiyar masu wannan sana'a, su suka san wanda ya saba. Algus da tauye mudu kuwa ana iya kai su gaban Hisbah. Idan babban kanti ne ko kamfanin intanet, a shigar da ƙorafi ta shafin FCCPC, a haɗa da rasit da hoton farashin da aka tallata.