Koyon Ɗaukar Hoto Ta Hanyar Aikin Aji: Nazarin Tsarin Wendy Ewald

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin tsarin koyar da ɗaukar hoto da Wendy Ewald, 'yar ƙasar Amurka, ta fara ginawa tun 1969, wanda a cikinsa ɗalibi ke koyon fasahar ta hanyar ayyukan da ake ɗora masa a aji. An bibiyi asalin tsarin a jihar Kentucky, an fayyace matakansa, sannan an dubi matsalolin da ke tattare da shi. Maƙalar ta nuna cewa tambayar da aka ba ɗalibi ita ce ke koyar da shi, domin ita ke tura shi neman dabarar sarrafa haske da kyamara. A ƙarshe an nuna inda tsarin ya shafi masu koyar da harshe da al'ada.

1.0 Gabatarwa

Hanyar da aka fi sabawa da ita wajen koyar da ɗaukar hoto takan fara ne daga na'ura. Malami zai bayyana sassan kyamara, ya yi bayanin ƙofar da haske ke shiga da tsawon lokacin da take buɗe, sannan daga baya a fita a gwada. Akwai wata hanyar da ke juya wannan jeri. A cikinta ana fara ba ɗalibi aiki ne, kamar a ce ya kawo hoton da zai nuna wane ne shi, sai ilimin na'ura ya biyo baya gwargwadon buƙatar aikin. Daga cikin waɗanda suka daɗe a kan wannan hanya har ta zama tsari mai matakai akwai Wendy Ewald, wadda aka haifa a birnin Detroit a 1951. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace yadda tsarin nata yake aiki, da dalilin da ya sa yake haifar da sakamako.

2.0 Asalin Tsarin

Ewald ta fara koyar da yara ɗaukar hoto a 1969 a cikin al'ummun 'yan asalin ƙasar Kanada, tana matashiya. Sai dai tsarin ya nuna ne a gundumar Letcher ta jihar Kentucky, yankin tsaunukan Appalachia mai ma'adinin kwal, inda ta koma a 1975 ta yi aiki da cibiyar Appalshop da ke garin Whitesburg.

Tarihin wurin yana da muhimmanci ga fahimtar abin da ta yi. Bayan da Shugaba Lyndon Johnson ya ƙaddamar da yaƙi da talauci a 1964, 'yan jarida da masu ɗaukar hoto sun yi ta kwarara zuwa gabashin Kentucky, suna ɗaukar rusassun gidaje da yara marasa takalma. Mutanen yankin da dama sun ji cewa an mayar da su abin nuni. A 1967, a wannan gunduma ta Letcher, wani mai gidajen haya mai suna Hobart Ison ya harbe Hugh O'Connor, mai shirya fim ɗan ƙasar Kanada, har lahira, saboda ya tarar da shi da abokan aikinsa suna ɗaukar fim a filinsa. Shekara takwas bayan wannan ne Ewald ta iso da kyamara a matsayin baƙuwa. Maimakon ta ɗauki mutanen da kanta kaɗai, sai ta miƙa kyamarar ga 'ya'yansu.

Ta koyar a makarantun firamare uku, ga yara 'yan shekara 6 zuwa 14, aka kuma tanadi ɗakin wanke hoto a makarantun. Kowane yaro yakan sayi kyamara ƙirar Instamatic a kan dala 10. Wanda ba shi da kuɗin yakan nema ta hanyar yanke ciyawa ko sayar da kek, domin ya san darajar abin da ya mallaka. An tattara hotunan yaran da labaransu a littafin Portraits and Dreams na 1985. Daga nan ta yi irin wannan aiki a Kolombiya da Indiya da Meziko da Afirka ta Kudu da Maroko da Saudiyya. A wajen 1990 tsarin ya shiga makarantun gwamnati na birnin Durham, jihar Carolina ta Arewa, ƙarƙashin cibiyar nazarin adana rayuwar jama'a ta Jami'ar Duke, da sunan Literacy Through Photography, wato koyon karatu da rubutu ta hanyar hoto.

3.0 Matakan Tsarin

3.1 Karanta Hoto

Kafin ɗalibi ya taɓa kyamara, ana zaunar da ajin gaban hoto guda. Ɗalibai za su lissafa duk abin da idonsu ya gani a cikinsa: tufafi, yanayin fuska, abin da ke rataye a bango, inda haske ya fito. Bayan lissafi ne ake ba su damar faɗin labarin da suke jin hoton yana bayarwa, kuma kowane hasashe sai an kafa masa hujja da wani abu da ke cikin hoton. Daga nan ake gabatar da abubuwa huɗu: iyakar hoto, wato abin da aka shigar da abin da aka bari a waje, mahanga, wato inda mai ɗauka ya tsaya, lokaci, wato daidai sa'ar da ya danna, da alama, wato abin da ke wakiltar wata ma'ana da ta fi shi girma.

3.2 Jigogi Huɗu

Ayyukan aji sun ginu a kan jigogi huɗu da ke bin juna: hoton kai, iyali, al'umma, da mafarki. Jerin ya taso daga abin da ya fi kusa da ɗalibi zuwa abin da ya fi nisa, sannan ya ƙare da abin da ido bai taɓa gani ba. Kowane jigo yana ɗauke da wata matsala ta fasaha da ɗalibi zai ci karo da ita. Mai hoton kansa dole ya tsara komai tukuna, ya nuna wa wani inda zai tsaya da lokacin da zai danna. Mai hoton iyali zai shiga ɗaki mai ƙarancin haske, ya gano da kansa amfanin taga da ƙofa. Mai hoton al'umma zai koyi neman izini da jiran lokaci.

3.3 Rubutu

Rubutu yana zuwa kafin ɗauka da bayanta. Ɗalibi zai rubuta abin da yake nufin nunawa, ya jera hotunan da za su iya ɗaukar wannan nufi. Bayan an wanke hoton sai ya sake rubutu a kansa, wani lokaci ma a jikin hoton ko a jikin fim ɗin. Ewald da Alexandra Lightfoot sun shimfiɗa wannan tsari ga malamai a littafin da suka fitar a 2001.

3.4 Baje Koli

Mataki na ƙarshe shi ne a zaɓi hotuna, a tattauna su a aji, a kafa su inda iyaye da maƙwabta za su gani. Sanin cewa waɗanda ke cikin hoton za su zo kallo yana sa ɗalibi ya yi hattara da abin da ya ɗauka.

4.0 Dalilin Da Ya Sa Tsarin Yake Aiki

Dalili na farko shi ne ƙarancin zaɓi. Kyamarar da yaran Kentucky suka riƙe ba ta da wasu maɓallan daidaitawa na a-zo-a-gani, kuma fim guda hotuna kaɗan yake ɗauka. Abin da ya rage a hannun yaro shi ne inda zai tsaya, da abin da zai shigar, da lokacin da zai danna. Waɗannan ukun kuwa su ne ginshiƙan fasahar, ko da wace irin kyamara aka riƙe. Wanda ya san hotuna goma sha biyu kaɗai gare shi, zai yi tunani kafin kowane ɗaya.

Dalili na biyu shi ne ilimin na'ura yakan zauna a kai idan ya zo a matsayin amsar wata damuwa. Misali, ɗalibin da ya ɗauki ƙaninsa yana gudu, hoton ya fito a dame, shi ne zai fahimci bayanin cewa buɗe ƙofar haske na kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa ya yi tsawo ga abu mai motsi, kashi ɗaya cikin 500 kuwa yakan tsayar da shi cak. Haka wanda ya ajiye kakarsa a gaban taga, fuskarta ta fito baƙi ƙirin, ba zai ƙara mantawa da duba inda haske yake fitowa ba. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma kuskuren da ɗalibi ya riƙe a hannunsa ya fi bayanin allo tasiri.

Dalili na uku yana cikin jigon mafarki. Ba a iya tarar da mafarki a hanya a ɗauke shi. Dole a gina shi: a nemi wuri, a samo tufafi, a sa 'yan'uwa su taka rawa. Wani yaro a Kentucky da ya yi mafarkin ya kashe babban abokinsa, sai ya sa abokin ya yi kamar gawa, ya ɗauke shi. A nan ne ɗalibi ke gane cewa hoto shiri ne na mai ɗauka. Wanda ya taɓa shirya hoto da hannunsa ba zai ƙara kallon hoton jarida a matsayin gaskiya tsagwaronta ba, zai tambayi wanda ya ɗauka da abin da ya bari a waje.

5.0 Matsaloli

Tsarin bai kuɓuta daga tambayoyi ba. Ta farko ita ce ta mallaka: idan hoton yaro ya shiga littafi ko gidan baje kolin fasaha ƙarƙashin sunan malamarsa, na wane ne? Ewald takan sa sunan kowane yaro a jikin hotonsa, takan kuma kira ayyukan da haɗin gwiwa, amma zaɓen hotunan da za a buga iko ne babba, kuma yawanci yana hannun babba. Ta biyu ita ce ta sirri. Jigon iyali yakan fito da abin da gida bai so a gani ba, yaro kuma bai kai ya auna abin da zai biyo baya ba. Saboda haka yardar iyaye da ta waɗanda ke cikin hoto sharaɗi ce. Ta uku ita ce ta ba da maki, domin kyan hoto kaɗai ba ya nuna ko ɗalibi ya koya. Abin da ya fi dacewa a auna shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ya rubuta zai nuna da abin da hoton ya nuna, da yadda ya rage wannan tazara a gwaji na biyu.

6.0 Alaƙar Tsarin Da Koyar Da Harshe Da Al'ada

Aikin Ewald da ya fi kusa da manazarta harshe shi ne na haruffa, wanda aka tattara a littafin American Alphabets na 2005. Ta yi shi da rukunoni huɗu na ɗalibai, ciki har da masu jin Sifaniyanci a Durham da masu jin Larabci a unguwar Queens ta birnin New York. Ɗalibai ne ke zaɓar wa kowane harafi kalma daga harshen da suke yi a gida, su shirya hoton da zai nuna ta, su rubuta ta a jikinsa. Gardamar da ake yi wajen zaɓar kalma darasi ce ta ma'ana da karin harshe.

Ba wuya a ga yadda wannan zai zauna a ajin Hausa. Haruffa masu lanƙwasa da tagwayen baƙaƙe, waɗanda ɗalibai suka fi kuskure wajen rubutawa, za su samu hoto kowannensu: ƙwarya ga ƙw, ɓawo ga ɓ, ɗinki ga ɗ, tsintsiya ga ts. Idan aka zo kalma irin kunya ko kara, sai aikin ya koma irin na mafarki, domin sai ɗalibi ya yanke shawarar abin da ido zai gani ya ce wannan kunya ce. Haka nan ɗalibin al'ada da ke nazarin rini ko ƙira ko dukanci yakan cika rataye na kundinsa da hotunan waya marasa tsari. Da za a ɗora masa aiki mai iyaka, kamar ya nuna matakan sana'ar a hotuna goma sha biyu ba tare da fuskar kowa ba, da hotunan sun zama hujjar bincike.

Batun fuska kuwa yana da misali a aikinta na Saudiyya a 1997, inda matan da suka shiga suka nemi hanyoyin nuna kansu ba tare da sun keta abin da al'ummarsu ta yarda a gani a bainar jama'a ba, wasu ta hanyar rufe fuska, wasu ta hanyar zane a jikin fim. Iyakar da al'ada ta gindaya ta zama ɓangare na aikin.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bibiyi tsarin Wendy Ewald daga Kentucky zuwa Durham, ta fayyace matakansa huɗu, wato karanta hoto da jigogi da rubutu da baje koli. An ga cewa ƙarfinsa yana cikin tambayar da ake ba ɗalibi da iyakar da ake sa masa, rauninsa kuma yana cikin batun mallaka da sirri. A yau da kyamara ta shiga aljihun yawancin ɗaliban jami'a, tsadar kayan aiki ta ragu ƙwarai, amma ƙarancin fim da ke tilasta tunani shi ma ya tafi. Ya rage ga malami ya dawo da wannan iyaka ta hanyar aikin da zai tsara: jigo guda, adadin hotuna ƙayyadadde, rubutu kafin ɗauka, da yardar duk wanda zai fito a hoton.