Haɗa Nahawu da Adabi a Darasin Turanci

Tsarin Ilimi na Ƙasa na 2004 ya tanadi a koyar da yaro da harshen uwa a shekaru uku na farkon firamare, sannan Turanci ya karɓi ragama daga aji huɗu. Sai dai ɗalibin da ya shigo ƙaramar sakandare daga ƙauyukan Funtuwa, Bakori ko Malumfashi, galibi a aji kaɗai yake gamuwa da Turanci. A gida da gona da kasuwa Hausa yake yi. Don haka yawancin kurakuransa ba na sakaci ba ne, nahawun Hausa ne sanye da rigar Turanci.

A ɗauki misalin lokaci. A Hausa, lamirin lokaci ne ke nuna sa'ad da aka yi aiki: ya sayar, zai sayar, yakan sayar. Aikatau bai motsa ba. Turanci kuwa yakan sauya aikatau ɗin kansa, "sell" ya koma "sold". Shi ya sa ɗalibi kan rubuta "Yesterday my father sell cotton", yana ganin kalmar "yesterday" ta gama magana. Haka nan jinsi: tunda mota "ta" ce a Hausa, sai ya kira ta "she".

Haddace jerin aikatau a allo ba ya kawar da wannan, domin ɗalibi yakan cike gurbi daidai a gwaji, ya koma gidan jiya da zarar an ce ya rubuta wasiƙa. Abin da ya fi shi ne a samo nahawun daga cikin labari. Littafin Cyprian Ekwensi, Burning Grass (1962), ya dace da wannan yanki ƙwarai, saboda labarin Mai Sunsaye ne, Bafulatanin da cutar yawo ta raba da iyalinsa, kuma yaran sun san ruga da makiyaya. Malami zai sa a karanta sakin layi ɗaya, a tsamo aikatau na shuɗaɗɗen lokaci, a kwatanta su da yadda Hausa za ta faɗa. Daga nan sai kowane ɗalibi ya zama Mai Sunsaye, ya rubuta wa ɗansa Rikku wasiƙa yana ba shi labarin inda ya kwana da abin da ya ci. Ba yadda za a yi wannan wasiƙa ba tare da shuɗaɗɗen lokaci ba. Wani kuma yana iya kawo Mai Sunsaye Funtuwa ranar cinikin auduga.

Wurin duba aikin ne malamai da dama kan ɓata rawarsu da tsalle. Takardar da aka cika da jan biro takan sa yaro ya rage rubutu don ya rage laifi. Tunda darasin na lokaci ne, aikatau kaɗai za a ja wa layi, ɗalibin ya gyara da hannunsa, kurakuran harafi su jira wani mako.